A Ɓoye Sunan Buhu: Dalilin da Ya Sa Shinkafar Haɗejiya Ke Buƙatar Zaman Ɗanɗano

Shinkafar da ake nomawa a fadamun Haɗejiya tana barin gida da sunanta, amma kafin ta isa tukunyar mai saye sunan ya ɓace. Daga Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma ake loda shanshera a manyan motoci zuwa kamfanonin casa, a can ta gauraya da ta wasu wurare, ta fito cikin buhu mai ɗauke da sunan kamfani. Magidanci a Kano ko Abuja kashi biyu kawai ya sani, 'yar waje da 'yar Hausa, kuma tuni ya yanke hukuncin wadda ta fi tun bai ɗora tukunya ba. Saboda haka manomin da ya zaɓi iri mai kyau ya shanya a kan leda, da wanda ya shanya a bakin kwalta ta kwashi tsakuwa, kusan kuɗi ɗaya ake ba su. Akwai ƙaramin mataki da zai fara gyara wannan, wanda ba ya jiran kasafin kuɗin gwamnati: mutane kaɗan masu sha'awa su riƙa zama lokaci zuwa lokaci, su dafa shinkafa iri-iri, su ɓoye sunayenta, su ɗanɗana, su rubuta abin da suka ji.

Inda aka ga amfanin hanyar

Wannan tsari ya fi daɗewa a hannun masu wani abin sha da ba shi da gurbi a Haɗejiya. A kwarin kogin Douro da ke arewacin Fotugal ake yin giyar inabi mai suna fot, wadda ta samo sunanta daga birnin Porto. Giya haramun ce ga Musulmi, dokar Jihar Jigawa ma ta hana ta, don haka babu mai kiran kowa zuwa gare ta. Abin da ya cancanci nazari shi ne yadda wani kwari ya tsare sunan amfanin gonarsa har fiye da shekara 250.

A tsakiyar ƙarni na 18 algus ya yi wa cinikin fot illa, ana gauraya mai kyau da maras kyau, ana rina ta da ruwan 'ya'yan itace, har farashi ya faɗi. A 1756 gwamnatin Fotugal, ƙarƙashin babban ministanta da aka fi sani da Pombal, ta shata iyakar yankin da ya halatta a kira abin da ya fito daga cikinsa da wannan suna, aka kakkafa duwatsu a kan iyakar. Har yau akwai hukumar da masu ɗanɗanonta ke gwada samfuri ba tare da sanin mai shi ba kafin a ba shi hatimi. A gefe guda kuma akwai zaman da ba na hukuma ba. 'Yan kasuwar Ingila da ke Porto sun daɗe da al'adar cin abincin rana tare duk ranar Laraba, inda ake kawo kwalba ba suna, kowa ya cinci shekararta da gidan da ya yi ta. Masu sha'awa a ƙasashe da yawa suna kwaikwayon haka a gidajensu: kowa ya zo da tasa, a lulluɓe, a jera, a rubuta, sannan a buɗe. Daga irin wannan zama ne mai saye ya koyi bambance kaya, ya kuma yarda ya biya ƙari a kan wanda ya fi.

Hanyar ba ta tsaya ga giya ba. A Japan ƙungiyar binciken hatsi ta ƙasar tana fitar da matsayin ɗanɗanon shinkafa kowace shekara tun daga amfanin 1971, tana duba kamanni da ƙamshi da ɗanɗano da danƙo da tauri. Shinkafar Koshihikari ta yankin Uonuma ta riƙe matsayi mafi girma shekara 28 a jere, da ta sauko mataki ɗaya a sanarwar 2018 sai abin ya zama babban labari a ƙasar, manoman yankin suka koma suka duba aikinsu, ta dawo matsayinta a shekarar da ta biyo baya. A harkar kofi, gasar Cup of Excellence da aka fara a Birazil a 1999 ta sa ƙaramin manomi yana sayar da buhunsa da sunan gonarsa. A maƙwabta kuwa, kilishin Nijar da albasar Galmi sun sami rajistar sunan asali a ƙungiyar OAPI. Duk inda aka yi nasarar haka, sai da aka fara samun mutanen da suka iya faɗin abin da ya bambanta kayansu da na wasu.

Abin da Haɗejiya ke da shi

An zuba dukiya mai yawa wajen ƙara yawan shinkafa a wannan kwari. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke saukowa cikin kogin Haɗejiya. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a Auyo, mai fiye da hekta 5,000. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma hana shigo da shinkafa na cikin manyan dalilan. Duk waɗannan matakai lissafin buhu suke yi. Tambayar da aka bari a baya ita ce: wace shinkafa ce, kuma yaya take a baki?

Amsar ba ɗaya ba ce. Akwai FARO 44 da manoma ke kira Sifi, wadda asalinta daga Taiwan ne, akwai Jamila, akwai kuma tsofaffin irin fadama masu jure ambaliya, ciki har da jar shinkafar Afirka da aka fara nomawa a Afirka ta Yamma tun kafin ta Asiya ta iso. Daga wannan tsohon iri ne masanin nan ɗan Saliyo, Monty Jones, ya haɗa NERICA, aikin da ya sa ya sami Kyautar Abinci ta Duniya a 2004. Iri ɗaya ma yakan bambanta tsakanin na damina da na rani, tsakanin sabuwa da wadda ta shekara a rumbu, tsakanin gumin wannan unguwa da na waccan. Yayin da kacala ke toshe hanyoyin ruwa a wajajen Guri da Kiri Kasamma, kamfanoni kuma suna neman doguwar ƙwaya iri ɗaya, tsofaffin irin suna raguwa a hankali. Irin da babu mai nemansa da suna, wata rana manomi zai daina ajiye shi.

Harshen yin hukuncin kuwa yana nan tuntuni. Hausa tana da auki da danƙo da garɗi, tana da wara-wara da caɓewa, tana da gafi da ƙauri da lami. Mai waina ta san shinkafar da ƙullunta ke tashi. Mai tuwo ta san wadda ke kwana ta yi ɗumame da wadda ke saki kafin asuba. Wannan ilimi a ka yake, ba a taɓa tara shi wuri ɗaya an rubuta ba, shi ya sa ba ya tasiri a farashi.

Yadda za a tsara zaman

Mutum takwas zuwa goma sun isa, samfuri kuma kada ya wuce shida, domin harshe yana gajiya. A yi karo-karo a sayi kwano ɗaya na kowace, a rubuta garin da aka noma ta, sunan irin, lokacin noman, inda aka yi gumi, inda aka casa, da farashin kwano a ranar. Mutum ɗaya wanda ba zai ɗanɗana ba shi zai riƙe wannan takarda, ya sa wa kowace tukunya lamba. A sa 'yar waje guda ɗaya a cikin jerin. A kuma raba wata shinkafa gida biyu da lamba daban-daban, domin wanda ya yabi lamba 2 ya kushe lamba 5 alhali abu ɗaya ne, ya san harshensa na buƙatar horo.

A fara da duba ɗanyar ƙwaya a faranti: karyayyu nawa, tsakuwa nawa, wane launi, wane wari. Sannan a dafa awo ɗaya na kowace da ruwa daidai wa daida, ba gishiri ba mai, a ga auki. Da yake kowace shinkafa da ruwan da take so, a zagaye na biyu a bar gwanar girki ta dafa kowace yadda ta dace da ita. A kurkure baki da ruwa tsakanin samfuri da samfuri. A ware ranar shinkafar tuwo da waina daban da ranar ta gumi, tunda abin da ake nema a tuwo shi ne aibi a dafa-duka.

Ƙa'ida mafi muhimmanci ta shafi ladabi. A majalisar Bahaushe, idan babba ya ce lamba 3 ta fi, da wuya yaro ya musa. Don haka kowa ya rubuta hukuncinsa shiru kafin a yi magana, idan an zo bayani kuma a fara daga ƙarami. Haka nan zaman da maza ma'aikata za su yi su kaɗai ba zai yi nisa ba, domin masu gumi da masu tuwo da masu waina su ne malaman wannan fanni. Ko dai a yi zaman mata a cikin gida da samfuri iri ɗaya a haɗa sakamako, ko a nemi ƙungiyoyin mata masu gumi su jagoranta. A ƙarshe a buɗe sunaye, a kawo miya a ci, abin da ya rage a aika wa maƙwabta.

Abubuwan da za a ce

Wani zai ce wannan shagalin masu ƙoshi ne a lokacin da gidaje da yawa ke auna shinkafa da gwangwani. Maganar tana da nauyi. Amma talaka ne ya fi kowa buƙatar sanin shinkafar da ke da auki, domin kwanon da ya ciyar da mutum goma ya fi wanda ya ciyar da takwas araha ko da kuɗinsa ya ɗara. Kuma shi ne ya fi cutuwa idan an zuba 'yar gida a buhun 'yar waje an ƙara mata kuɗi, dabarar da ba ta yiwuwa sai a kasuwar da ake sayen suna ba a san ɗanɗano ba.

Wani zai tuna cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wannan ladabin wanda aka ajiye wa abinci ne a gabansa, kuma yana nan daram. Binciken kayan sayarwa wani babi ne. Shi ne dai ya tura hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawatar a kan algus. Zaman ɗanɗano yana cikin wannan babi, muddin ana maganar shinkafa ne ba ana cin mutuncin manomi ba. Saboda haka a sanar da sunan wadda ta yi fice, wadda ta gaza kuwa a gaya wa mai ita a keɓe.

Mafi wuya shi ne tsoron cewa 'yar waje za ta yi nasara. Tana iya yi, musamman a zagayen ɗanyar ƙwaya. Idan haka ta faru, takardun za su nuna inda matsalar take: ko tsakuwa ce daga wurin shanya, ko warin gumi ne daga jiƙon da ya daɗe ba a sauya ruwa ba, ko karyewa ce daga tsohon inji. Kowace daga cikin waɗannan tana da magani sananne, kuma babu wadda laifin ƙasar Haɗejiya ce. Kishin gida da ya ƙi gwaji ba ya ƙara wa manomi ko sisi.

Zama ɗaya ba zai sauya farashi a kasuwar Gujungu ko Dawanau ba. Abin da zai yi tasiri shi ne littafin da aka cika bayan damina uku ko huɗu, wanda zai nuna cewa shinkafar wani gari tana fitowa gaba a kai a kai. Da irin wannan littafi ƙungiyar manoma za ta iya neman a casa mata tata daban a rubuta sunan garin a buhu, mai gidan abinci a Kano ya iya cewa tuwonsa na shinkafar Auyo ne, malaman Kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗejiya ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa su sami abin da za su kai ɗakin gwaji. Da yayyafi kogi kan cika. Girbin da ke tafe ya isa a fara, kuma abin da ake buƙata bai wuce tukwane shida, da takarda, da mutum ɗaya mai iya riƙe sirri ba.