Filin Makiyaya: Baƙuwar akuya a cikin garke

A ƙasar Tasawa da Mayahi jar akuya ita ce asusun gida. Mace takan sayar da wake ta sayo akuya a kasuwa, ta ɗaure ta tare da sauran a ran nan. Nan haɗari yake.

Kasuwa mahaɗar dabbobin garuruwa ce. Akwai cutar awaki da tumaki mai sa majina, kwantsa, gyambon baki da zawo. Akuya takan ɗauko ta, ta yi kwana 4 zuwa 6 ba alama. In cutar ta shiga garken da ba a yi wa allura ba, tana iya kashe fiye da rabinsa.

Saboda haka baƙuwa ta yi sati 3 a turkenta, nesa da sauran. Ruwanta daban, harawarta daban. In ta daina ci, a kira ma'aikacin dabbobi. Ko tana lafiya, a nemi a yi mata allurar rigakafi.

Bayan sati 3 a haɗa su a fili da safe, ana kallo. Kada a haɗa su a kan dusa, don a kan abinci ake tunkuyi, mai ciki kuma tana iya yin ɓari.