Sansanin Yara A Dogon Hutu: Mu Ma Za Mu Iya

Duk shekara, daga Yuni zuwa Agusta, dubban ɗaliban jami'a daga Ingila, Ostareliya da wasu ƙasashe kan tafi Amurka aikin kula da yara a sansanonin dogon hutu. Da bizar J-1 suke shiga. Ana ba su makwanci da abinci da ɗan kuɗin kashewa, in aiki ya ƙare kuma suna da kwana 30 na zagaya ƙasar.

Mu malamai ba yawon ne ya ja hankalinmu ba. Matashin da ya shafe mako takwas yana kwana ɗaki ɗaya da yara, yana rarrashin mai kewar gida da tsakar dare, yana raba faɗa tun kafin karin kumallo, ya san yaro sanin da koyarwar gwaji ba ta bayarwa. Ɗalibanmu na kwalejojin ilimi kuwa, da an kaɗa ƙararrawar tashi sun rabu da yaran ke nan.

Kuɗin jirgi ya fi ƙarfin albashinmu, biza kuma sai mai rabo. Amma makarantunmu na kwana a kulle suke a watan Agusta. Muna kira ga shugabannin reshe su nemi aron guda ɗaya daga ma'aikatar ilimi, a ɗauki ɗaliban NCE su riƙe yaran, kuma a biya su haƙƙinsu.