Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwasar Kuɗi

A wannan makon zan yi tsokaci ne a kan wani littafi da ya fito a Amurka a 2010, mai suna Me, the Mob, and the Music, wato ni da 'yan Mafiya da kuma waƙa. Mawaƙin nan Tommy James ne ya rubuta shi tare da Martin Fitzpatrick. Ya jima da labarin a cikinsa, amma ya ƙi fitar da shi sai da ya tabbatar manyan 'yan ta'addan da ya ambata duk sun kwanta dama. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin mutanen da ya yi wa aiki.

Tun yana ɗan makaranta a garin Niles na jihar Michigan, James ya buga wata waƙa mai suna Hanky Panky a wani ƙaramin kamfani. Ta ɗan yi tashe a garinsu, aka manta da ita. Can daga baya masu shirya raye-raye a Pittsburgh suka tono faifan, jama'a suka yi ca a kansa, har aka buga na jabu kimanin 80,000 aka sayar. A 1966, yana ɗan shekara 19, sai ya nufi birnin Niyok yana neman kamfanin da zai ɗauke shi. Manyan kamfanoni suka yi na'am. Da gari ya waye, ɗaya bayan ɗaya suka janye. Jerry Wexler na kamfanin Atlantic ne ya faɗa masa gaskiya: Morris Levy, mai kamfanin Roulette, ya bi su da waya ya ce faifan nan nasa ne. Ba wanda ya ja da shi.

Dalilin tsoron a fili yake. Levy shi ne mai gidan kiɗan nan na Birdland, kuma yana da alaƙa ta ƙut da ƙut da gidan Genovese, ɗaya daga cikin manyan gidajen Mafiya biyar na Niyok. Ya saba liƙa sunansa a waƙoƙin da bai rubuta ba don ya riƙa karɓar kason marubuci. Haka ya yi wa Why Do Fools Fall in Love ta yaron nan Frankie Lymon, wanda ya rasu a 1968 yana ɗan shekara 25.

A hannun wannan mutum James da ƙungiyarsa ta Shondells suka yi ta zuba waƙoƙi masu farin jini. Hanky Panky ta hau matsayi na ɗaya a 1966, Crimson and Clover ta maimaita a 1969. Faifai na tafiya kamar wainar safe, amma kason mawaƙi shiru kake ji. In yana bukatar kuɗi sai ya je ofis a ɗan miƙa masa wani abu, kamar bara a gidan ubangida. Abin da ya riƙe shi shi ne kuɗin wasan dandali. Da akawunsa ya bi sawun adadin takardun da aka buga don liƙawa a faifai, sai lissafi ya nuna ana riƙe masa dala miliyan 30 zuwa 40. Amsar da akawun ya samu daga Levy barazana ce ga ransa. A 1971, da rikici ya ɓarke tsakanin 'yan Mafiya, sai da James ya gudu Nashville ya fake. Bai kuɓuta daga Roulette ba sai a 1974.

Inda ni da marubucin muka raba hanya shi ne wajen godiya. James ya sha nanata cewa ba don Levy ba da ba a san shi ba, kuma kamfanin ya sakar masa mara ya yi irin waƙar da yake so, abin da wataƙila babban kamfani ba zai bari ba. Ban ƙaryata shi ba, shi ya san abin da ya gani. Amma a ganina wannan godiyar ita ce igiyar da ta fi ɗaure shi. Levy bai tsince shi a kwararo ba. Waƙar ta riga ta karɓu, kamfanoni suna rububinta, shi kuwa ya kore su da tsoratarwa. Wanda ya toshe maka duk ƙofofi ya bar tasa a buɗe, ba taimakonka ya yi ba. Sakin marar ma ai don amfaninsa ne, tunda duk abin da aka noma rumbunsa za shi.

Abin lura kuma, ba a taɓa ɗora wa James bindiga a ka aka ƙwace kuɗi a aljihunsa ba. A littafin lissafi aka yi satar, 'yan daba gadin littafin kawai suke yi. Shi ya sa wannan cuta ba ta bukatar Mafiya kafin ta kama mutum. Yaro mai murya da zumuɗin suna, da takardar da bai karanta ba, da ubangidan da ake jin nauyin tambayarsa lissafi, sun wadatar.

Daga ƙarshe doka ta cim ma Levy, amma ba don haƙƙin mawaƙa ba. A 1988 wata kotun tarayya a jihar New Jersey ta same shi da laifin haɗa baki don karɓar kuɗi da barazana daga wani dillalin faifai, aka yanke masa shekara 10. Ciwon daji ya kashe shi a 1990, bai fara zaman wa'adin ba.

Don haka kirana ga matasanmu masu shiga harkar waƙa: kafin ka sa hannu a kowace takarda, kai wa lauya ya karanta maka, ka san wa ya mallaki waƙar, kuma wa ke riƙe da lissafi. Ka gode wa wanda ya ɗaga ka, amma ka tambaye shi kasonka tun ranar farko.