Raddi ga masu cewa ƙanƙantar huji ce ke tace ruwan tsiro

Akwai wata magana da nake yawan ji daga masu koya wa mutane haɗa lemon malt na dawa a gida, kuma ta kai matsayin da ya kamata a tsaya a warware ta, domin tana jawo wa masu ƙaramin jari asarar hatsi da itace. Suna cewa tun da dawa ba ta da ɓawo irin na sha'ir, wanda zai sa faifan tata a gindin tukunyar jiƙo ya nemi raga mafi ƙanƙantar ido, ya niƙe tsironsa ya zama gari kamar yadda kamfanoni ke yi, ya ɗaga faifan sama sosai don kada famfo ya toshe, ƙarfen kuwa kowane iri ya samu ya wadatar. Ba na shakkar kyakkyawar niyyarsu. Amma in ban da batun ɓawo, babu gaɓa ɗaya a cikin maganar da ta tsaya da ƙafarta.

Faifan da ake magana a kai ƙarfe ne mai huji-huji kamar gindin madambaci, ana kwantar da shi ɗan sama da ainihin gindin tukunya. Ɓarzajjen tsiro yana zama a kansa, ruwan zaƙi ya sauka ƙarƙashi ya fita ta famfo. Daga masana'antun giya na Turai aka samo shi, amma ruwan da ke fita a wannan mataki bai ga yis ba kuma ba ya sa maye. Shi ake tafasawa nan take a yi lemon malt.

Da'awarsu ta farko, wadda sauran suka ginu a kanta, ita ce faifan ne ke tacewa. Wannan kuskure ne daga tushe. Abin da ke gurɓata ruwan tsiro ƙwayoyin sitaci ne da ɓurɓushin furotin, waɗanda sai an jera gommansu kafin su cika milimita ɗaya. Babu ragar da ake sayarwa a kasuwa da za ta tare su ba tare da ta toshe ba. Hatsin da kansa ne mataci. Idan jiƙo ya kwanta, manyan ɓarɓashi su ne ke fara sauka su yi gada a kan hujin, matsakaita su hau kansu, ƙanana su maƙale a tsakani, sai a samu shimfiɗa mai kaurin kamu ɗaya ko fiye wadda ruwa ke ratsawa a hankali. Aikin faifai kawai ya ɗauki wannan shimfiɗa, ya bar ruwa ya sauka daidai ta ko'ina. Shi ya sa tsagar da ke jikin faifan manyan masana'antu take kusan milimita 0.7, faifan da masu yi a gida ke saye a Amurka kuwa hujinsa ya kan haura milimita 2, kuma duka biyun suna ba da ruwa garau.

Wanda ke musu ya gwada. Ya buɗe famfo kaɗan, ya tari abin da ya fara fita a moɗa. Zai gan shi fari-fari, da tsaki yana yawo a ciki. Ya mayar da shi saman tukunya sannu a hankali, ta bayan ludayi, don kada ya haƙa rami a shimfiɗar. Ya maimaita. Kafin a jima ruwan zai koma ja mai haske, har ana hango gindin moɗar. Hujin bai ragu ba ko kaɗan, shimfiɗar ce ta zauna. Raga mai ƙananan ido kuwa a mintunan farko gari ke like ta, famfo ya koma ɗigo, mai aiki ya ɗauki muciya ya motsa, ruwa ya sake gurɓacewa, a koma gidan jiya.

Sai batun ɓawo. Gaskiya ne dawa ba ta da shi, kuma masana'antun Najeriya sun ɗanɗana wannan lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da sha'ir da malt ɗinsa a 1988, suka koma kan farafara da kaura, har da irin SK5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar. Sai dai maganin rashin ɓawo shi ne a kawo ɓawo. Ɓuntun shinkafa, wanda ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injinan casa a Kura da Argungu, yana yin aikin sarai: a wanke shi da ruwan zafi har ƙurarsa ta fita, a zuba kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin tsiron. Ba ya narkewa, ba ya ƙara zaƙi, yana buɗe wa ruwa hanya ne kawai.

Akwai kuma abin da ba su ambata ba sam, alhali shi ne rabin matsalar. Sitacin sha'ir yana nuna ne a wajen digiri 60 zuwa 65, daidai zafin da sinadaran tsiro masu mayar da shi sukari ke aiki. Na dawa sai an haura digiri 70, inda wani sashe na waɗannan sinadarai ya riga ya mutu. Wanda ya jiƙa dawa yadda ake jiƙa sha'ir zai ƙare da ɗanyen sitaci kwance kamar laka, wanda ya zabga mata wuta gaba ɗaya kuma ya samu kunu mai kauri, kuma babu faifan da zai tsiyaye ko ɗaya daga cikinsu. Hanyar da ta dace tsohuwa ce a Afirka ta Yamma, Farfesa Geoff Palmer na jami'ar Heriot-Watt ma ya yi bincike a kanta: a jiƙa da ruwa mai ɗumi, a bari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye, a dafa kaurin, a bari ya huce zuwa wajen 65, sannan a mayar masa da ruwansa. Nan da nan za ka ga kaurin ya saki ya tsinke. Da yawa daga toshewar da ake ɗora wa faifai daga nan take.

Hujjarsu da kamfanoni ƙiyasi ne da bai cika sharaɗi ba. Haƙiƙa masu niƙa hatsi ya zama gari suna nan, amma ba a tukunya mai faifai suke tacewa ba. Suna da injin matsa mai jerin faranti da ƙyalle, inda famfon wuta ke tura jiƙo da ƙarfi ta cikin ɗan siririn kauri na 'yan santimita. Mai tukunya ba shi da abin tura ruwa sai nauyin ruwan kansa. Ɓarza ce tasa, ba niƙa ba.

Ƙaramin aiki kam hukuncinsa daban ne. Mai haɗa lita 10 ko 20 ba ta buƙatar faifai, jakar ƙyalle mai ƙarfi ta ishe ta. Amma kowane kilo na hatsi yana riƙe ruwa kusan lita ɗaya, don haka tsiro kilo 25 ya zama kaya mai nauyin kilo 50 yana tururi, kuma ba na son in ga wata baiwar Allah tana kokawar ɗaga shi a kan murhu.

Maganar "kowane ƙarfe" ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin ta shafi lafiyar masu sha. Jiƙon tsiro yana da ɗan tsami, ma'auninsa tsakanin 5.2 da 5.6, ga kuma zafi. Kwanon rufi an lulluɓe shi da zinki, tsami da zafi suna narkar da shi cikin abin sha. Baƙin ƙarfe yana tsatsa ya ɓata ɗanɗano da launi. Hujin da aka ɓula da ƙusa kuma yana barin ƙaya a bayansa, tana yankan hannu, tsaki yana ruɓewa a cikinta. A nemi ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 304, a huda shi da inji, a goge bakin.

Ɗaga faifan sama kuwa lissafi kaɗai ya isa ya rushe shi. Tukunya mai faɗin santimita 50, kowane santimita na tsayinta yana cin kusan lita 2. Wanda ya ɗaga faifai santimita 5 ya ware kusan lita 10 a ƙarƙashi, ba sa haɗuwa da hatsi, kuma duk abin da ya gaza kaiwa bakin famfo a nan zai kwana. Santimita 2 sun isa, muddin bututun famfo ya sunkuya ya kusa taɓa gindi. Abin da ya kamata a matsa wa mai walda a kai shi ne gefe da tsakiya: faifan ya zauna cif a jikin tukunya, a zagaye bakinsa da tsagaggen tiyon silikon don kada tsaki ya zurara ta gefe, a kuma sa masa ƙafafu a tsakiya, domin idan aka buɗe famfo da yawa ruwan da ke fita yana zuƙo shimfiɗar ƙasa, kuma faifai marar ƙafa yana lotsawa ya danne bakin bututun.