Ciwon Bayan da Ƙaho Ba Ya Yi wa Magani

A Potiskum, inda wani kan yini a tsaye a kasuwar shanu, wani kuma bisa kujerar babbar mota, ba a ɗauki ciwon baya a bakin komai ba. Sai a kira wanzami ya yi ƙaho, galibi kuwa a samu sauƙi. Amma akwai wanda ba ya lafawa, yana tsananta da dare, har ƙafafu su fara nauyi, fitsari ya riƙa gardama. In mai shi ya taɓa fama da ciwon daji na nono, ko na huhu, ko na ƙullutun mafitsara irin na maza, to a ji tsoro ko cutar ta ratsa ƙashin baya ne tana danne laka.

A nan kwanaki ne abin lissafi, domin wanda aka yi wa magani yana iya takawa shi ya fi tsira da ƙafafunsa, wanda kuwa ya daɗe a shanye da wuya ya miƙe. Likita kan fara da dexamethasone don rage kumburin laka, sannan a ɗauki hoton MRI, wanda kuma ke taimakawa a bambanta daji da tarin fuka na ƙashin baya, cutar da ake warkewa sarai. Daga nan sai gashi da na'ura, watau a harba haske ya ƙona ƙarin, wani lokaci zama ɗaya ya wadatar don kashe raɗaɗi. In ƙashin ya rafke, sai tiyata a ɗaure shi da ƙarfe. Binciken da likita Patchell da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 ya nuna kashi 84 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa tiyata da gashi sun iya tafiya, alhali kuwa masu gashi kaɗai kashi 57 ne. Ba a cika raba mutum da cutar baki ɗaya ba, amma ya kai kansa masallaci da ƙafarsa ba ƙaramin abu ba ne.

To, ina na'urar take? Sai an nufi manyan asibitocin koyarwa, irin na Maiduguri ko na Shika a Zariya, tafiyar sa'o'i ga mutumin da ko zama ba ya iyawa. Ra'ayina shi ne hukumomin lafiya na Jihar Yobe su umurci kowane asibiti, daga Potiskum har Fika da Nangere, ya ba irin wannan majinyaci takardar turawa da motar ɗaukar marasa lafiya a ranar da ya zo.