Littattafan "ɓoyayyen tunani" da abin da suke ɓoye wa mai karatu

Duk wanda ke tsayawa a shimfiɗar masu sayar da littattafai a kudancin Kaduna, daga Kakuri zuwa Barnawa har Sabon Tasha, da wuya ya rasa wasu littattafai uku a jere da na addini da na jarrabawa. Akwai Think and Grow Rich na Napoleon Hill, wanda ya fito a 1937, da The Power of Your Subconscious Mind na Joseph Murphy na 1963, sai kuma The Secret na Rhonda Byrne na 2006. Dukkansu waƙa ɗaya suke rerawa: wai a ƙarƙashin tunanin da mutum ya san yana yi akwai wani ɓoyayyen tunani mai ƙarfin gaske, wanda in ka yi ta nanata masa cewa kai mai arziki ne, to arziki zai biyo ka har gida. Masu sayensu ba jahilai ba ne. Ma'aikatan banki ne da malaman makaranta da matasan da suka gama hidimar ƙasa suna jiran aiki.

Ba na musun cewa akwai ɓoyayyen tunani. Sana'ata ma, wato nazarin harshe, a kansa ta dogara. Bahaushe yana cewa "ya sayi doki", da "ya saye shi", da "abin da ya saya". Aikatau ɗaya ne, amma wasalin ƙarshe ya sauya sau uku gwargwadon abin da ya biyo baya. Yaro ɗan shekara biyar ba ya kuskuren wannan, alhali ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa, kuma ko mahaifinsa ka tambaya dalili sai ya ce haka ake faɗa. Sai a 1960 F. W. Parsons ya tsara aikatan Hausa a aji bakwai, ya rubuta ƙa'idar da miliyoyin mutane suka daɗe suna bi ba tare da sun san da ita ba. Wannan shi ne ɓoyayyen tunani na haƙiƙa: aiki ne da ƙwaƙwalwa ke yi a bayan idon mai ita. Sai dai mai karatu ya lura, ba da nanata buri aka gina shi ba. Shekaru aka yi ana ji, ana kwaikwayo, ana gyara.

To a nan ne waɗancan littattafai suka kauce hanya, kuma bincike bai mara musu baya ba. A 2009 Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo ta Kanada sun gano cewa mutanen da ba su ɗauki kansu da daraja ba, in aka sa su maimaita kalaman yabon kai, ransu ƙara ɓaci yake yi. Ita kuma Gabriele Oettingen ta Jami'ar New York ta shafe shekaru tana nuna cewa mai yawan mafarkin ya riga ya ci nasara himmarsa raguwa take yi. Wato maganin ya fi cutar da wanda ya fi buƙatarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne hukuncin da ke lulluɓe cikin wannan koyarwa. In tunani ne ke jawo arziki, ashe talaka shi ya jawo wa kansa talauci ke nan. A je Kakuri a faɗi haka. Masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, dubban magidanta suka wayi gari ba aiki, da yawansu suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Rashin wutar lantarki da tsadar man injin da fasa-ƙwaurin atamfa ne suka durƙusar da masaƙun nan, ba raunin tunanin masaƙa ba. Littafin da zai sa ɗan tsohon ma'aikacin masaƙa ya riƙa zargin zuciyarsa a kan abin da manufofin gwamnati suka haddasa, ya yi masa fashi sau biyu: ya karɓe kuɗinsa, ya kuma kawar da idonsa daga inda matsalar take.

Littattafan sanin kai na gaskiya ba sa lallashin mai karatu. Sigmund Freud, wanda littafinsa a kan mafarki ke ɗauke da shekarar 1900, masana sun watsar da yawancin bayanansa, amma babbar maganarsa ta tsaya, cewa mutum ba shi da cikakken labarin abin da ke motsa shi. A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson sun jera wa masu sayayya safa ƙafa huɗu iri ɗaya sak, suka ce a zaɓi mafi kyau. Ta hannun dama aka fi ɗauka, amma da aka tambayi dalili sai kowa ya kama yabon laushi da ingancin saƙa. Ba ƙarya suke yi ba. Dalilin da suka ƙirƙira su ma sun yarda da shi. Kuma wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, da babin sanin kai ya buɗe Kimiya'us Sa'ada, kuma ya keɓe wa abubuwan mamaki na zuciya littafi guda a cikin Ihya. Abin da malaman zaure ke karantarwa a kan riya da ujubu da hassada, ai bayani ne a kan cututtukan da mai su ne na ƙarshen sani.

Me ya sa wannan ya shafe mu a Kaduna musamman? Tun bayan rikicin 2000 da na 2002 kogin nan ya tashi daga ruwa ya zama iyaka. Musulmi da yawa suka koma arewa, Kirista suka koma kudu, aka haifi yaran da yanzu sun haura shekara ashirin ba su taɓa kwana a tsallake ba. Tambayi kowane ɗan boko a cikinmu, zai rantse maka ba ya ƙyamar kowa, kuma da zuciya ɗaya yake rantsuwar. Amma a saurari bakinsa. A ji yadda "su" da "mutanen can" ke fitowa ba tare da an ambaci suna ba, kowa kuma ya gane. A dubi wanda yake ba hayar gidansa, da sunan da idonsa ke tsayawa a kai in an kawo takardun neman aiki, da yadda yake ɗaga gilashin mota in ya haye gada. Kamar wasalin "sayi" da "saye", an koyi wannan ne ta ji da kwaikwayo, shi ya sa mai yi ba ya jin yana yi. Ba littafin Murphy ko na Byrne da zai kai mutum nan, domin su abin da mai karatu ke so ya ji suke sayarwa.

A nawa ganin, giɓin da ke gabanmu na rubutu ne. Da Hausa muna da littattafan fassarar mafarki da ake jingina wa Ibn Sirin, muna da na wa'azi, amma da wuya ka samu wanda ya yi wa mai karatu bayanin abin da ilimin halayyar ɗan Adam ya gano a ƙarnin da ya wuce. Kuma ba kalmomi muka rasa ba. Harshen da ke da "zurfin ciki" da "baƙin ciki", da "raina ya ba ni", da "suɓutar baki", da "zuciya ta ɗebe shi", ya daɗe da sanin cewa a cikin mutum akwai wani mai magana da ba ya neman izini. A Barnawa akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya, inda likitoci ke sauraron marasa lafiya da Hausa kullum, su rubuta da Turanci. Tun da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, aikin wayar da kai ya hau kansu. Da za su zauna da malaman sashen Hausa na Jami'ar Jihar Kaduna da na Ahmadu Bello, abu na farko da za su yi gardama a kai shi ne ko "ɓoyayyen tunani" da na yi ta amfani da shi a nan ya dace, ko kuwa "ciki" da Bahaushe ya riga ya mallaka ya fi shi ɗaukar ma'anar. Ni dai na fi karkata ga "ciki".