Ra'ayinmu: Kafin a ja bututun gas a Zongo, a ƙirga har da gwiwoyi

Duk wanda ya zaga Agoe-Zongo a 'yan shekarun nan ya ga yadda unguwar ke sauya kama. Wurin da aka dawo da iyayenmu bayan rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome a 1977, yau benaye ke tashi a cikinsa, ga gidajen abinci, ga masu gashin burodi. Gawayi ya yi tsada, jama'a na komawa gas. Wasu masu gidaje sun fara abin da ya dace: su ajiye tukwanen a waje inda iska ke kaɗawa, su ja bututu zuwa madafa. Madalla. Amma fa yadda ake jan bututun ne ke ɗaga mana hankali.

Babban bututun da ya taso daga Najeriya ya iso Lome don tashoshin lantarki ne, bai shigo gidan kowa ba. Namu na tukunya ne, mai kilo 6 ko 12.5, kuma lissafinsa ya rataya a wuyan mai gida da mai aikin da ya ɗauko.

Ga yadda abin yake. Detandar, wato abin da ake ɗaurawa a kan tukunya don rage ƙarfin gas, yana sakin gas ɗin girki a kan milibar 28 kacal. Ƙarfin ba shi da yawa, kuma kowace mita ta bututu tana cin wani abu daga cikinsa. Kowace gwiwa ma tana ci, haka kowace mararraba, haka makunni. A ƙa'idar da masu aikin gas ke bi a Ingila, a ƙananan bututun tagulla ana lissafa gwiwa ɗaya ko mararraba ɗaya tamkar ƙarin rabin mita. Ke nan bututun da aka auna mita 12, in yana da gwiwa 8 da mararraba 2, ga gas ya zama mita 17. Gidajenmu kuwa, da ake ƙara ɗaki kan ɗaki, lungu ya fi miƙe yawa.

Batun faɗi ya fi wannan tsanani. In aka rage faɗin bututu da rabi, gas ɗin da zai wuce yana raguwa fiye da sau biyar. Shi ya sa ake fara lissafi daga murhun da ya fi nisa, a ɗauka duk murahun gidan na ci a lokaci guda, kamar yadda ake yi da yammacin azumi ko ranar suna.

To mene ne hatsarin siririn bututu, tunda wuta ce kawai za ta yi sanyi? Hatsarin shi ne abin da ke biyo baya. Uwargida ta yi ƙorafin tukunya ta ƙi tafasa, sai a kira wani ya cire detandar, ya sa mai ƙarfi irin na masu walda. Ƙarfin ya fi abin da tiyon roba da mahaɗai za su ɗauka, sai yoyo ya fara. Wannan gas ya fi iska nauyi kusan ninki biyu. Ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa, daidai inda yara ke barci, yana jiran ashana. Wanda ya ga gobarar kasuwar Agoe-Assiyeye a Disambar 2023 ya san saurin wuta a inda rumfuna suka matsu da juna, gidajen hayarmu ma ai haka suke.

Saboda haka, Alhaji mai gida, kada ka yarda da "haka muke yi kullum". Ka ce mai aikin ya rubuta maka tsawon bututu, adadin gwiwoyi da yawan murahu, ya nuna maka yadda ya zaɓi faɗin. In ya kasa, ka nemi wani. Tagulla mai faɗi ta fi tsada, mun sani, amma sau ɗaya ake sayenta. Bayan an gama a shafa kumfar sabulu a kowane mahaɗi, ban da gwaji da ashana don Allah.

Muna kuma kira ga sarakunan Zongo da limamanmu su zauna da hukumar gari da 'yan kwana-kwana, a samo ƙwararru su koya wa samarinmu masu aikin famfo wannan lissafi, tunda su ake kira in za a ja gas. Lambar 'yan kwana-kwana 118 ce, a rubuta ta a bangon kowace madafa.